Neman shawara: ƙwarewa kan karanta hoton haƙori da muƙamuƙi, ina ake koyonta, kuma ya dace in tafi?

'Yar Zariya, likitar haƙori

Assalamu alaikum. Na daɗe ina karanta rubuce-rubucenku a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai dole ta sa. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, sai na faɗi mafarinta kafin ku gane tambayar.

Ni likitar haƙori ce a nan Maraɗi. A Bamako na yi karatu, bana shekarata shida da dawowa gida. Bara waccan, ana tsakiyar zafin Afrilu, wani dattijo ya kawo mini 'yarsa daga wani ƙauye can bayan Tibiri. Shekarunta goma sha bakwai. Kuncinta na hagu ya ɗan tasa, turminta ɗaya na ƙasa yana girgiɗi. Ta ce ba ya mata zafi, nauyi kawai take ji in tana tauna. Na sa mata ƙaramin fim a baki na ɗauki retro, wato ƙaramin hoton haƙori da saiwarsa, na wanke, na ɗaga shi wajen taga. Na ga baƙi a ƙarƙashin saiwar haƙorin, a raina na ce ƙurji ne irin wanda nake gani kullum. A bakin ƙofa mutane sun cika benci, kuran ya tafi, fanka ta tsaya. Na cire haƙorin, na rubuta mata ardinas, na ce su dawo in kumburin bai sauka ba.

Ba su dawo ba sai bayan kaka, da aka samu na mota. Wata takwas. Ta shigo ta ja hijabi ta rufe rabin fuskarta. Da ta buɗe sai da gabana ya faɗi. Muƙamuƙin ya kumbura tun daga gefen haɓa har kusa da gindin kunne, in na danna ƙashin ta cikin baki sai in ji yana ƙaras-ƙaras kamar ɓawon ƙwai. Sai a ranar na tura su aka yi pano, wato babban hoton da ke nuna haƙora da muƙamuƙi gaba ɗaya. Duk wannan gefen ƙashin ya zama ɗaki-ɗaki kamar kumfar sabulu. Aka yanki tsoka aka kai Yamai, sakamako ya dawo amelobilastoma, wani ƙari da ke cin ƙashin muƙamuƙi. An yi mata aiki, an cire kusan rabin muƙamuƙinta na ƙasa. Tana raye, alhamdu lillahi, amma da ƙyar take tauna tuwo, bikinta da aka sa kuma an ɗaga.

Abin da ya fi ci mini rai, babanta ya dawo takanas da ƙullin gyaɗa ya ce, “Likita, Allah ya saka, ke kika fara taimakonmu.” Na karɓa, na rasa bakin magana.

Wancan retro na farko yana nan cikin durowata. Na sha fito da shi ina dubawa. Yanzu da na koma littattafaina na ga abu uku da suke kwance a ciki tun ranar. Baƙin bai ƙare a cikin fim ɗin ba, ya zarce gefe, ke nan ban ga iyakarsa ba. Ƙarshen saiwoyin ya gutsure sumul kamar an sa wuƙa. Haƙorin kuma lafiyarsa lau, ba rami, ba tsohon ciko, to ina ƙurji zai fito? Na duba hoton bai kai minti ɗaya ba, na ga abin da na saba gani, na ajiye. A makaranta an koya mana ɗaukar hoto, an nuna mana manyan cututtuka a allo, amma zama da hoto a bi shi lungu-lungu a rubuta rahoto a kansa, wannan ban same shi yadda ya kamata ba.

Shi ya sa nake son in koma karatu, kuma wannan fannin nake so: hoton baki, haƙora da ƙasusuwan fuska. Ina ake yinsa a matsayin ƙwarewa ta gaske, shekara nawa, da wane harshe? In na dawo da difilom ɗin za a san da shi a nan? Ina da miji da yara biyu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba, don haka ba tafiyar ganin gari nake nema ba. Wanda ya san hanya don Allah ya faɗa mini gaskiya, ko mai ɗaci ce.

Tsohon Ɗan Dakar

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba yarinyar lafiya, ke kuma ya sanyaya miki. Duk wanda ya riƙe awartakin cire haƙori shekaru yana da irin wannan fim ɗin a durowarsa. Nawa yaro ne ɗan shekara bakwai, haƙoransa na ƙasa suna lilo, na ce dasashi ne, ashe ƙarin Barkit ne, wanda likitan nan Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yau shekara talatin ke nan ban manta fuskar uwarsa ba. Kin yi daidai da kika faɗa a fili.

Amma kin ce a faɗa miki gaskiya, ga tawa. Ban goyi bayan ki tafi shekara uku ko huɗu don wannan fannin ba.

Tsarin karatunmu na Faransa muka gada. A can, ƙwarewar da likitan haƙori yake shiga ta hanyar gasa uku ce: gyaran jeren haƙora, tiyatar baki, da likitancin baki. Hoto ba ya cikinsu. Abin da ake da shi takardun jami'a ne na ɗan lokaci, waɗanda ake kira DU, da horon da ake bi kafin a yi aiki da kon-bim, injin da ke ɗaukar hoton haƙora da muƙamuƙi ta kowane ɓangare (3D). To ki tambayi kanki, in kin dawo da digirin wata ƙasa mai wani tsari, a wane gurbi za a sa ki? Kafin ki cika dosiye ko ɗaya, ki je ma'aikatar lafiya da ta ilimi mai zurfi ki ji matsayin takardar, ki kuma duba ko CAMES ta san da ita. Wannan hukumar a Yamai aka kafa ta a 1968, ofishinta yana Wagadugu, ita ke duba darajar takardu da ƙarin girman malaman jami'a a ƙasashenmu. Na ga yaran da suka dawo da takardu masu kyau suka yi shekaru suna yawon ofis-ofis.

Na biyu, mu nawa ne? Ki ƙirga likitocin haƙori daga Dakwaro zuwa Madarunfa, daga Gidan Rumji zuwa Tasawa. In kin tafi, bencin nan da kika ce ya cika, wa zai sallame shi? In har tafiyar ta zama dole, ni tiyata zan ce ki yi, don yarinyar nan da ire-irenta mai yanka suke jira.

Sai na'ura. Kon-bim kuɗi ne masu yawa, kuma ba ya son ƙura, ba ya son kuran mai hawa da sauka. Kin tuna Agustan 2023 da Najeriya ta yanke mana wuta, yadda muka yi watanni muna aiki da gurup, ga mai ya yi tsada. In wani ƙarfe ya lalace a ciki sai an jira mai gyara daga wata ƙasa. Shawarata, ki nemi DU ko sitaj na wata uku zuwa shida a Dakar, ko Kasabalanka, ko Monastir ta Tunisiya, duk da Faransanci, ki zauna kusa da wanda ya iya, ki dawo ga yaranki.

Mai Ɗaukar Hoto, Ali Ɗan Sofo

Lokotoro, sannu da ƙoƙari. Ni ba likita ba ne, manipilater ne, shekarata goma sha huɗu a ɗakin radiyo. Maganar makaranta na bar wa manya. Abin da zan ce, ko kin yi karatun duniya, in hoton da aka miƙo miki ɓatacce ne ba abin da za ki karanta. Kuma da yawan hotunan da ke yawo a garin nan a hannun majinyata ɓatattu ne.

Kin ce a Afrilu kika wanke fim ɗin. Ruwan wankin fim an yi shi ne don digiri 20, minti biyar. A ɗakinki a Afrilu kwalbar nan ta haura 30 nesa ba kusa ba. In kin bar fim minti biyar a ruwa mai wannan ɗumi zai fito baƙi ƙirin, siraran layukan da kike nema su nutse. In kin tsame shi da ido, yau haka gobe haka. Ni kwalabena a cikin bokitin ruwa nake ajiye su, in jefa ƙanƙara, in tsoma ma'aunin zafi, in duba agogo. Abin ba ya cin kuɗi. Wanda ya samu hali ya sayi RVG, na'urar da ake sa wa a baki maimakon fim, ya huta da wannan, hoto ya fito a ordinater nan take. Wani likitan haƙori Bafaranshe, Francis Mouyen, ya fito da ita a shekarun 1980.

Pano kuwa nan ne ake ɓarna. Injin yana zagaya kai wajen daƙiƙa goma sha biyar, kuma siririn wuri ɗaya ne kawai yake fitowa tas, sai an sa muƙamuƙi daidai cikinsa. Mutum ya matso gaba da yawa, haƙoran gaba su tsuke su yi hazo. Ya ja baya, su yi faɗi. Ya sunkuyar da haɓa, jeren haƙora ya lanƙwashe sama kamar mai dariya. Bai manna harshe a rufin baki ba, baƙar inuwa ta kwanta bisa saiwoyin sama, daidai inda ake son dubawa. Ni ba na cewa “sa harshe a sama”, ba sa ganewa. Cewa nake, “Inna, haɗiye yawu, ki bar harshen inda ya tsaya.” Shi ke nan.

Sai 'yan kunne. Matanmu suna zuwa da 'yan kunne, da na hanci, da sarƙa, da allurar hijabi, wasu da ƙarfe a kitso. Ɗan kunnen hagu yana fitowa a wurinsa, ya kuma sake fitowa a dama, ya fi girma, ya fi sama, fari dishi-dishi. Na taɓa ganin an tura wata baiwar Allah har Kano saboda wannan farin, an ce ƙari ne a kogon kunci. Sai ka lallashi tsohuwa ta cire, wata ta ce tun aurenta ba ta taɓa cirewa ba. Mace nake kira ta taimaka mata a bayan labule.

Abu na ƙarshe, don Allah ku daina riƙe wa yara fim da yatsanku. Na san ana yi, yaro na kuka, layi ya yi tsawo. Majinyaci sau ɗaya zai sha hasken injin (X-ray), ke kullum ne. Uwar ta riƙe, a sa mata rigar dalma, ke ki ja baya mita biyu, ki tsaya ta gefe, ba inda bututun ya dosa ba. Ku nemi dozimeta, ɗan abin da ke auna hasken da jiki ya sha, ku rataya, ku kuma yi rajistar injinku wurin ARSN, hukumar Nijar mai kula da tsaron irin wannan haske. Iyakar ma'aikaci milisibat 20 ce a shekara (milisibat shi ne ma'aunin hasken da jiki ya sha), amma ba wanda zai san nawa ya sha in ba a auna ba.

Ɗan Tasawa a Turkiyya

Yaya Likita, ina wuni. Baba, ina gaisuwa, a gafarce ni zan ɗan saɓa muku a wani wuri. Wannan fannin da Yaya take tambaya shi nake karantawa, ina shekara ta uku.

Gaskiya ne a tsarin Faransa ba ƙwarewa ce mai zaman kanta ba, amma a wurare da dama ita ce. A Amurka ƙungiyar likitocin haƙori ta amince da ita a 1999, horon shekara biyu ne zuwa uku, akwai shi a jami'o'i irin na Ayowa da San Antoniyo. A Ingila shekara huɗu ne. A Indiya an haɗa ta da likitancin baki, digirin MDS, shekara uku. Jami'ar Alƙahira tana da sashenta. A nan Turkiyya hanya biyu ce: ƙwarewa ta shekara uku bayan jarrabawar da ake kira DUS, ko dakta ta shekara huɗu, wadda nake yi. Ƙungiyar masu wannan fanni ta duniya tun 1968 take. Amurka da Ingila kam kuɗinsu da sharuɗɗan rajistarsu sun fi ƙarfin irinmu, ban ba ki shawarar ki ɓata lokaci a kansu ba. Turkiyya kuma ki sa shekara guda ta koyon harshe a lissafi, don da Turkanci za ki yi magana da majinyaci, da shi za ki rubuta rahoto. Wannan shekarar ta ba ni wuya ƙwarai.

Ga yadda ranata take. Da safe muna asibitin makaranta, don a nan duk majinyacin da ya shigo sashenmu yake fara zuwa, mu duba bakinsa, mu yanke ko yana buƙatar hoto da wane iri. Da rana muna ɗaki mai duhu gaban allo. Malamarmu ba ta yarda ka fara da wurin ciwo ba. Sai ka bi pano daga gaɓar muƙamuƙi ta dama, ka gangaro gefen ƙashi, ka haura ta hagu, ka duba kogunan kunci, da hanci, da hanyar jijiya, sannan haƙora ɗaya bayan ɗaya. In ka ga wani abu ba za ka kira sunansa ba sai ka siffanta shi: ina yake, girmansa, iyakarsa a fili take ko ta narke, cikinsa baƙi ne ko fari ko gauraye, ɗaki ɗaya ne ko da yawa, me ya yi wa maƙwabtansa, ya ture haƙori, ya ci saiwa, ya kumbura ƙashi. Wata shida na yi tana mayar mini da rahoto da jan biro. Da wannan tsarin, Yaya, retro ɗinki tun a tambaya ta uku zai ce miki a yi pano, don dokar ita ce ciwon da ba ka ga iyakarsa duka ba, ba ka gama ɗaukar hotonsa ba. Ban faɗa don in ƙara miki ciwo ba. Ina nufin abin koyo ne, ba baiwa ba ce.

Muna kuma karanta yadda hasken yake aiki da illarsa a jiki. Ana ba mu tarihin: Röntgen ya gano hasken a Nuwambar 1895 a Jamus, a Janairun 1896 likitan haƙori Otto Walkhoff ya ɗauki hoton bakinsa, ya yi minti 25 a gaban bututu. Edmund Kells na Amurka, cikin na farko-farko, sai da ya rasa yatsu, sannan hannun gaba ɗaya. Maganar Malam manipilater ke nan. Yau retro ɗaya bai kai mikrosibat 10 ba (mikrosibat dubu ne milisibat ɗaya), pano bai cika wuce 30 ba, kon-bim daga 'yan gomiya zuwa ɗaruruwa gwargwadon faɗin wurin da aka buɗe, hoton kai da babban injin sikana (CT) kuwa wajen 2000. Abin da mutum yake sha daga ƙasa da sama a shekara, a matsakaicin duniya, wajen 2400 ne. Shi ya sa rabin aikinmu cewa ne “wannan ba ya buƙatar kon-bim”, musamman ga yara. Injin kon-bim ya fito ne a ƙarshen shekarun 1990 daga Italiya da Japan, kuma inda ya yawaita ana ɗaukarsa fiye da kima.

Baba ya ce mai yanka ake jira. Haka ne, amma mai yanka da hoto yake shiga. Amelobilastoma ita ce kan gaba cikin ƙarin da ke tasowa daga tushen haƙori a Afirka, mafi yawanta a bayan muƙamuƙin ƙasa, kuma bambancin cire ɗan yanki da cire rabin muƙamuƙi shi ne wa ya fara ganinta, yaushe. Ɗan kabu-kabu ya faɗi bisa haɓa, kowa ya ɗinke haɓar, ba wanda ya duba wuyan gaɓar da ke gaban kunne, alhali muƙamuƙi kamar zobe yake, ya kan karye wuri biyu. In yaro ne, bayan shekaru a kawo shi baki ya ƙi buɗuwa. Yaran da cutar noma ta ci wa fuska, irin waɗanda ƙungiyar Sentinelles take kula da su a Damagaram da asibitin noma na Sakkwato, wasu ƙashi ne yake haɗe sama da ƙasa, sai an ga inda ya haɗe kafin a taɓa. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, mu kuwa a ƙofar gidanmu take.

Akwai kuma wanda ake yi wa aiki ba gaira ba dalili. Mace baƙar fata mai shekara arba'in da wani abu, a ga baƙaƙen ɗigo a ƙarshen saiwoyin haƙoranta na gaba na ƙasa, ba ciwo, ba rami. Sauyin ƙashi ne da ya fi yawa ga matanmu, da shekaru yake komawa fari. Haƙoran da ransu. Maganinsa a ƙyale shi, a riƙa dubawa. A nan sau kaɗan na gan shi, a gida kuwa na tabbata yana wucewa ta hannunku, ana huda haƙoran ko a cire, ƙashin kuma ba ya son taɓi, yana iya ruɓewa.

Kuma aikin nan ba ya buƙatar majinyaci ya zo gabanki. Fayil ɗin asali, wanda ake kira DICOM, ana turo shi ta intanet. Mutum ɗaya a Maraɗi zai iya karanta na Damagaram da Tawa da Katsina. Amma fayil ɗin, ba hoton fim da aka ɗaga a taga aka ɗauka da waya aka turo ta WhatsApp ba, wannan rabin bayanin ya zube a hanya. Ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo da sashen kiwon lafiya, ɗaliban likita suna fitowa, su ne za su fara ganin kumburin fuska a Mayahi da Agye, wa zai koya musu?

Abin da ba zan ɓoye miki ba: hannunki zai yi kewar aiki, wuni za ki yi gaban allo. Kuɗin burs ba ya riƙe iyali. Ɗana na fari an haife shi ina nan, sai a waya na ji kukansa.

'Yar Zariya, likitar haƙori

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Tun jiya nake maimaita karantawa.

Ƙanena na Turkiyya, matar da ka siffanta na gan ta. Ba ɗaya ba. Wata mai sayar da fura a babbar kasuwa, watan jiya, har na ɗauko abin huda, sai wani abu ya ce mini in gwada sanyi tukuna. Na fesa a auduga na ɗora, ta zabura ta riƙe mini hannu, alamar haƙorin da ransa. Na ajiye kayan na ce ta dawo bayan wata shida, amma wallahi ban san sunan abin da na gani ba sai yau. Waɗanda na huda a shekarun baya kafin in fara tsoro, su nake ta tunowa.

Baba, maganarku ta shige ni, musamman ta benci. Mu biyu ne a wurin aikinmu, in na tafi saura ɗaya. Amma ku duba, bencin nan na sallame shi ranar, har da yarinyar a ciki. Tiyata kuma na san kaina, ba nan zuciyata take ba. Abin da nake iya zama in yi awa biyu a kansa ban gaji ba shi ne hoton nan. Duk da haka ba zan tsallake shawararku ba. Na yi magana da maigidana daren jiya. Ya ce shekara huɗu da ta harshe biyar, bai ga yadda za a yi da yara ba yanzu, amma wata shida zai iya, innarsa za ta dawo gidan ta riƙe su. To zan fara da sitaj ɗin da kuka ce. In na je na ga ruwan ya kai in yi iyo, ƙaramar ta shiga lakwal, sai a sake zama a yi maganar doguwar. Cikin wata mai zuwa ina da zuwa Yamai, zan shiga ma'aikatun biyu da ANAB, hukumar ba da burs, in ji matsayin takardun da na burs da kunnena.

Kafin nan, daga yau duk kumburin ƙashi da haƙorinsa ba rami, ba na cirewa sai na gwada ransa, sai an yi pano, ko da zan cika musu kuɗin daga jakata. Na kuma sayi babban littafi, kowane hoto zan rubuta masa siffarsa yadda ƙanena ya jero, kafin in kira suna.

Tsohon Ɗan Dakar

Madalla, 'yata. In kin tashi zaɓen wurin sitaj, kada ki tambayi sunan makaranta kawai. Ki tambaya hoto nawa za ki karanta da kanki a mako, kuma wa zai zauna ya gyara miki. Ina da kwali biyu na tsofaffin pano tun daga shekarun 1990, da yawansu na rubuta sakamakon tsoka a bayan ambulan. Na yaron nan ma yana ciki. Ki aiko a ɗauka, ki karanta kowane kafin ki juya ambulan ɗin.

'Yar Zariya, likitar haƙori

Baba, ba aike, ni zan zo da kaina ranar Lahadi bayan la'asar, in Allah ya yarda. Ƙanena, zan riƙa turo maka biyar-biyar da abin da na rubuta, ka sa mini jan biron malamarku, kada ka ji nauyina. Malam manipilater, ma'aunin zafin nan irin na farmasi zai yi, ko akwai nasa daban? In kana da sarari ranar Asabar da safe ka leƙo ka ga ɗakin wankin namu, kwalaben suna bisa kanta dab da taga, rana tana dukansu tun daga hantsi.